Dariyar Funtuwa daban, ta Kano daban

Akwai wani matashi a Funtuwa da ya shekara uku yana ba mutane dariya a wuraren biki, daga shi sai makirfo. Yanzu ya sayar da keken ɗinkinsa, ya ce bayan Sallah sai Kano. Mahaifiyarsa ta sa masa albarka, da sharaɗin kada ya kuskura ya kwaikwayi malamai.

Damuwarsa ɗaya ce. A gida, rabin dariyar da yake samu ta sanayya ce: in ya kwaikwayi mai shayin tasha, kowa ya san wa ake nufi. To a Kano wa ya san mai shayin? Ga shi furodusoshin Zoo Road sun fi sabawa da camama, irin wadda Rabilu Musa Ibro ya yi tashe da ita har rasuwarsa a 2014, mai labari da abokan wasa. Shi kuwa gogan naka ba shi da wanda zai jefa wa magana ya cafe.

Shi ya sa duk ranar kasuwa yake tafiya Bakori, inda ba a san shi ba, ya gwada sababbin barkwancinsa. Duk wanda bai sa kowa dariya ba, sai ya soke shi daga littafinsa.