Wa Zai Zauna a Bayan Katangata?

Bara waccan na sayi fili a bakin hanyar da ta tashi daga garinmu Kangire ta nufi Birnin Kudu. Ba wani ƙaton fili ba ne, ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo, amma sai da na shekara uku ina tara kuɗinsa. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta, kuma tun da na gama jami'a nake zaman haya a Kano. Duk wanda ya taɓa jin sallamar mai gida a ƙarshen shekara ya san abin da ya sa mutum yake ƙulafucin mallakar ko da taku goma ne na ƙasa.

Wurin gona ne a da. Ina yaro mun sha ratsa shi da kaka, muna karyar karan dawa muna sha. Magada suka sayar, wani mai hali ya saya ya yanka filaye, irin awon igiyar nan da kowa ya sani. Mu da muka saya yawancinmu 'yan albashi ne da 'yan kasuwa: ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, da 'yan garin da ke nema a Kano da Abuja.

Da Babbar Sallah muka haɗu a gindin wata ɗorawa da ta tsira daga gatari, don mu tattauna batun hanya da rijiyar burtsatse. Ana gab da tashi sai wani dattijo, tsohon hedimasta da ya koyar da rabinmu, ya yi gyaran murya. Ya ce akwai sauran fili ta gabas da ba a sayar ba. Me zai hana mu roƙi mai wurin ya yanka shi ƙanana, ya sayar wa 'yan gari masu ƙaramin ƙarfi, su riƙa biya kaɗan-kaɗan? Ya ƙara da cewa, in da shi ne hukuma, da doka zai kafa: duk wanda zai mayar da gona filayen gini, dole ya ware ɗaya cikin biyar ga talaka, in ba haka ba kada a sa masa hannu.

Nan fa wuri ya kaure. Wani ya ce darajar filayenmu za ta faɗi. Wani ya ce za a cika mana unguwa da awaki da kwatami da bola. Wani kuma ya ce da guminsa ya saya, gwamnati ba ta ba shi ko sisi ba, don haka ba ta isa ta zaɓa masa maƙwabci ba. In tana tausayin talaka ta je ta gina masa a nata filin. Ni dai ban ce uffan ba. Amma gara in faɗi gaskiya: zuciyata tana tare da masu ƙi. Filin gabas ɗin nan a bayan katangata yake.

Washegari na je duba aiki. Wanda yake haƙa mini harsashi ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara shida, Yaya nake ce masa duk da akwai wasan taubasai a tsakaninmu. Birkila ne tun yana saurayi. Da wuya ka bi layi a sababbin unguwannin Birnin Kudu ba ka ga gidan da ya ɗora wa bulo ba. Shi kuwa ɗaki biyu na ƙasa yake da su a gidan gado, kuma damunar 2022, wadda ambaliyarta ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, ta kayar da ɗaya. Har yau shi da matarsa da 'ya'ya biyar a ɗayan suke. Ba wurin faɗaɗawa, domin gidan ya cika da ƙanne da 'ya'yansu.

Ashe labarin taronmu ya riga ni isa. Yana jingine da shebur ya ce, "Injiniya, an ce ba kwa son warin awakinmu."

Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, ni ban ce komai ba."

Ya ce, "Ai shi ne. Da ka ce wani abu da na ji." Ya ci gaba da haƙa.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini wani aiki da na taɓa yi. Wani kamfanin gine-gine ya ba ni kwangilar rubuta manhajar neman gida, a rukunin da suka kira na masu ƙaramin ƙarfi. Ni na tsara fom ɗin da hannuna. A gaban wasu gurabe akwai ɗan jan tauraro, alamar cewa in ba ka cike su ba, ba za ka wuce gaba ba: takardar albashi ta wata uku, wasiƙa daga wurin aiki, bayanin asusun banki na wata shida. Aikin ya yi kyau, aka biya ni, na yi murna. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa zan bari a waje ba. Sai ran nan, ina kallon Yaya a cikin rami, na gane cewa ko gurbi ɗaya cikin ukun nan ba zai iya cikewa ba. Ba wanda ya kore shi. Ƙofar ce kawai aka yanka ba daidai tsawonsa ba, kuma ni na riƙe zarton.

Wannan ba laifin kamfani ɗaya ba ne, haka tsarin yake tun daga sama. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, sannan Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba shi rance da ruwa mai sauƙi. Tsari ne da aka ɗinka a jikin mai albashi. Manomi da birkila da mai faskare da mai tuƙa a-daidaita-sahu, waɗanda su ne mafi yawa a cikinmu, kuɗinsu ba ya zuwa a ƙarshen wata, ba ya kuma barin sawu a takarda.

Masu cewa gwamnati ta je ta gina a nata filin ma ba sabon abu suka kawo ba. An gwada. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙudiri gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, lokacin mu nan muna cikin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Abin da aka gina bai kusanci abin da aka yi niyya ba, kuma a wurare da dama an kai gidajen can bayan gari, nesa da kasuwa da ruwa da abin hawa. Wasu sun daɗe babu kowa ciki. A garuruwan da gari ya bunƙasa ya cim musu, sunan Gidajen Shagari ya zauna, amma ka tambayi kanka su wa ke ciki yau. Haka a Kano, unguwannin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo gine-gine ne masu kyau, sai dai ba mai tura baro da ya taɓa mafarkinsu. Darasin da na ɗauka shi ne, gina gida ga talaka rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a ina, kuma kusa da wa.

Ba mu kaɗai muke wannan gardama ba. A jihar New Jersey ta Amurka, babbar kotun jihar ta yanke hukunci a 1975, a shari'ar garin Mount Laurel, cewa ƙananan garuruwan gefen birni ba su da ikon tsara dokokin gini yadda za su toshe wa masu ƙaramin ƙarfi hanya. Garuruwan suka yi ta jan ƙafa har kotun ta sake tsananta hukuncin a 1983. A Faransa kuwa, dokar shekarar 2000 ta wajabta wa garuruwa da yawa su mayar da kashi 20 cikin 100 na gidajensu masu rahusa, a 2013 aka ɗaga zuwa 25 a wuraren da buƙata ta fi yawa, kuma har yau akwai garuruwan masu kuɗi da suka gwammace biyan tara. Hujjojinsu su ne namu na gindin ɗorawa: daraja za ta faɗi, cunkoso zai ƙaru, kuma wa ya ba gwamnati iko.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, su can doka suke nema ta koya musu abin da mu muka gada. A cikin tsohon Kangire, gidan mai shanu ɗari katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan mai ga-ruwa. Masallaci ɗaya, rijiya ɗaya, makabarta ɗaya. In an sauke tukunya a babban gida, akwai kwanon da ke tsallaka katanga ba tare da an roƙa ba. Ni kaina kuɗin jarrabawata ta gama sakandare wani maƙwabcinmu ne ya cika, don kawai yana ganina kullum ina karatu a zaure da fitilar ƙwai. Da a unguwar talakawa zalla aka ajiye mu, wa zai gan ni? Muna haddace haƙƙin maƙwabci tun a makarantar allo, amma yanzu mun gano dabara: mu zaɓi maƙwabcin da ba zai taɓa buƙatar komai a wurinmu ba.

Duk da haka ba zan ce masu ƙin shawarar hedimasta ba su da abin faɗa ba. Akwai tsoron da na yarda da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma in an karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da take magana a kai ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar shuka da bishiya da gini. Manomi da yawa sun ga an karɓi gonarsu da sunan jama'a, daga baya suka ga jama'ar da ake nufi suna da manyan motoci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In aka ce a ware ɗaya cikin biyar ga talaka, wa zai rubuta sunayen? A sana'ata mun san cewa manhaja komai kyanta, in aka zuba mata bayanan ƙarya, ƙarya za ta fitar. Kuma talakan da aka ba fili yau, gobe rashin lafiya ko aurar da 'ya na iya sa shi ya sayar wa irina.

Amma waɗannan matsalolin yadda za a yi ne, ba dalilin ƙin yi ba. Ana iya karanta sunaye a bainar jama'a a ƙofar gidan dagaci, inda kowa ya san wanda ɗakinsa ya faɗi. Ana iya yin ƙuri'a ido na ganin ido. Ana iya hana sayarwa har tsawon wasu shekaru. Ana iya karɓar shaidar mai unguwa da liman da littafin adashi a madadin takardar albashi, a kuma bar manomi ya biya da kaka. Ni da nake rubuta fom na san cewa cire jan tauraron nan aikin minti ɗaya ne. Abin da ke da wuya shi ne wanda ya ba ka aikin ya so a cire.

Shi ya sa na koma ga ra'ayin hedimasta cewa sai da doka. In an bar wa zuciya, to ga tawa nan: ni ɗan garin, wanda maƙwabci ya cika wa kuɗin jarrabawa, na zauna shiru don kada filina ya rage daraja. In ni na yi haka, me zan jira daga baƙon da ya sayi gona don riba kawai?

Har yanzu ba a sayar da filin gabas ba, mai wurin yana jiran farashi ya ƙara tashi. Na kira hedimasta na ce ya sa sunana cikin masu zuwa roƙo, na kuma ce zan rubuta mana takardar da za mu kai ƙaramar hukuma. Mu huɗu ne kacal zuwa yanzu, kuma biyu daga cikin abokaina sun rage amsa gaisuwata da fara'a.

Ginina ya kai linta. Makon jiya Yaya ya tambaye ni tsawon katangar baya, ko bulo tara ko goma sha biyu. Na ce ya dakata da ita tukuna.

Ya kalle ni ya ce, "Siminti ne ya ƙare, ko kuɗin?"

Na ce, "Ina so in ga wanda zai zo bayan ne."

Ya yi murmushi ya ɗauki cebur ɗinsa. "To Allah Ya sa mai awaki ne."