Fim ɗin 1961 da ya tono min shaidar ƙaryar da na taɓa bayarwa

1/ Sati biyu da suka wuce barci ya ƙi zuwa, sai na kunna wani tsohon fim baƙi da fari na Amurka, The Children's Hour, na 1961. Na ɗauka zai sa ni gyangyaɗi. Wallahi har aka kira assalatu idona biyu. Ku ba ni aron hankalinku, zaren yana da ɗan tsawo.

2/ Tun farko in faɗa muku: fim ne a kan zargin maɗigo. Kafin wani ya fara jifana, ba fatawa na zo bayarwa ba, ban kai nan ba. Labarin fim zan ba ku, da wani abu da na yi ina shekara 14, wanda ko Mamata ba ta sani ba.

3/ Karen da Martha ƙawaye ne tun suna ɗalibai, sun haɗa kai sun buɗe makarantar kwana ta 'yan mata. Audrey Hepburn ce Karen, Shirley MacLaine ce Martha. Karen na da saurayi likita, Joe, har ana maganar aure. Makarantar ta fara tsayawa da ƙafafunta kenan.

4/ Cikin ɗaliban akwai Mary, 'yar gata, ga ƙarya kamar me. An hukunta ta, ta ji haushi. Don kada a mayar da ita makaranta, a cikin mota ta kai bakinta kunnen kakarta mai kuɗi ta yi mata raɗa. Mu masu kallo ba ma jin abin da ta ce. Fuskar tsohuwar kawai muke gani tana canzawa.

5/ Kafin ka ce kwabo motocin iyaye sun cika harabar makarantar, kowa na jan hannun 'yarsa. Da ƙyar wani uba ya gaya wa Karen dalili. Sun kai ƙara kotu kan ɓata suna, suka faɗi. Makaranta ta mutu. Har Joe sai da ya tambayi Karen ko da gaske ne, auren ma ya watse.

6/ Abin da ya ɗaure min kai: daga farkon fim har ƙarshe ba a furta kalmar ba ko sau ɗaya. Sai kewaye-kewaye, sai kallo, sai magana a yanke. Ashe akwai dalili. Daga 1934 zuwa 1968 Hollywood na ƙarƙashin dokar tace fina-finai da ake kira Hays Code, kuma wannan batun na cikin abin da ta hana.

7/ Asalin labarin wasan daɓe ne da Lillian Hellman ta rubuta a 1934. Daraktan, William Wyler, ya taɓa mayar da shi fim a 1936, amma sai da aka canza zargin ya koma wai Martha na neman saurayin Karen. Ko sunan wasan ba a bari ya yi amfani da shi ba, aka kira shi These Three. Bayan shekara 25 ya dawo ya sake yi.

8/ A wancan zamanin sai dai a nuna da ishara, mai ganewa ya gane. Kuma duk wanda aka yi wa isharar, ko dai mugu ne ko ya mutu. A Rebecca na 1940, mai aikin da ke shafa kayan uwar ɗakinta marigayiya ta ƙone a gobara. A Rope na 1948, samarin biyu masu zama gida ɗaya makasa ne.

9/ A wani fim na tarihi na 1995, The Celluloid Closet, Shirley MacLaine ta ce lokacin da suke ɗaukar fim ɗin, ita da Audrey ba su taɓa zama sun tattauna abin da labarin yake nufi ba. Wato shirun da ke cikin fim ɗin har bayan kyamara ya bi su.

10/ Kuma abin ya taɓa faruwa da gaske. A 1810, a Edinbura ta ƙasar Sikotland, wata ɗaliba ta kai wa kakarta irin wannan maganar a kan malamai biyu, Jane Pirie da Marianne Woods. Cikin kwana biyu aka kwashe ɗalibai kaf. Sun yi kusan shekara goma a shari'a, sun yi nasara, amma makarantar ba ta dawo ba.

11/ Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Wata yarinya ce a fim ɗin, Rosalie. Ta saci awarwaron wata ɗaliba, Mary kuma ta sani. Da manya suka nemi shaida, Mary ta tuna mata da awarwaron a fakaice. Rosalie ta fashe da kuka ta ce eh, ita ce ta gani. Nan na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

12/ Ina aji uku a makarantar kwana, akwai wasu siniyoyi biyu a ɗakinmu. Kwano ɗaya, bokiti ɗaya, ko firef tare suke tafiya. Ɗayar takan ba ni garin kwaki da suga idan nawa ya ƙare. Ba zan faɗi sunansu ba, ba zan faɗi makarantar ba, don Allah kada ku fara canka.

13/ Lokacin hunturu ne. Wanda ya yi makarantar kwana ya san sanyin nan, tagogi rabi babu gilashi. Da yawanmu bibbiyu muke kwana a haɗa barguna. Ni kaina da ƙawata nake kwana. Ba wanda ya ɗauke shi wani abu, sai ranar da wata 'yar ajinmu ta sha horo a hannun ɗaya daga cikin siniyoyin.

14/ A layin ɗiban ruwa ta raɗa min cewa ta gan su cikin dare. Na ce ni ban ga komai ba. Sai ta yi murmushi ta tambaye ni ko har yanzu ƙaramar wayata na cikin matashin kai. A makarantarmu in aka kama ki da waya, kora ce. Babana kuma ya riga ya gaya min in aka koro ni, karatu ya ƙare.

15/ Washegari metiron ta kira ni ofis. Ba ta faɗi kalmar ba ita ma. Cewa ta yi, “Ke ma kin ga abin da ake faɗa?” Na sunkuyar da kai na ce eh. Ba ta tambaye ni me na gani ba, ko yaushe, ko ta ina. Da ta tambaya, da ƙaryata ta ƙare a nan.

16/ An kore su saura 'yan watanni su zana jarrabawar fita. A asambili “rashin tarbiyya” kawai aka ce, amma kowa ya san me ake nufi. Ta taga na hango baban mai ba ni garin kwaki ya zo ɗaukarta. Ta miƙa hannu za ta karɓi akwatinta daga mai gadi, ya zabga mata mari a bakin get.

17/ Ni kuma na gama makarantata lafiya, wayata ma ba a taɓa kamawa ba. Shekara da shekaru ina lallashin kaina da cewa ƙila dai gaskiya ne, ai kusancin ya yi yawa. Kamar in gaskiya ne, shikenan na fita.

18/ Fim ɗin ne ya kwance min wannan dabarar. Kusa da ƙarshe Martha ta durƙushe tana kuka, ta gaya wa Karen cewa ta gane lallai tana sonta, kuma ba ta taɓa sanin hakan ba sai da aka yi musu ƙazafin. Babu abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Mary ba ta ga komai ba, Rosalie ma haka.

19/ Kun ga ko da akwai wani abu a zuciyar Martha, shaidar Rosalie ƙarya ce. Tawa ma haka. Har gobe ban san me ke tsakanin siniyoyin nan ba. Abin da na sani shi ne ban gani ba, na ce na gani. Tun muna Islamiyya aka koya mana nauyin ƙazafi, na sani sarai lokacin da na ce eh.

20/ A fim ɗin asiri ya tonu. Uwar Rosalie ta ga kayan satar, yarinyar ta faɗi gaskiya, kakar Mary ta zo ba da haƙuri har da tayin diyya. Karen ta sallame ta. Martha kuma ta shiga ɗaki ta rataye kanta. Kamar sauran fina-finan zamanin, ba a bar ta da rai ba.

21/ Yanzu ko raɗa ba a buƙata. A ɗauki hoton mata biyu sun rungumi juna a biki, a ɗora da kalma ɗaya, kafin azahar mutum dubu sun yaɗa. Na sha ganin irinsa a nan, na sha wucewa ban ce komai ba. Wani lokacin har na buɗe in ga ko na san fuskar.

22/ Da gari ya waye na neme ta a Facebook. Na same ta, da yara uku, tana sayar da atamfofi. Na rubuta na goge ya fi sau goma. Ƙarshe na gaya mata ko ni wacece, na ce ban ga komai ba a daren nan, tsoron kora ne ya sa na yi ƙarya, ta yafe min.

23/ Kwana uku tana gani ba amsa. Rana ta huɗu ta rubuto: “Na tuna ki, ke ce mai gadon bakin ƙofa. Baba ya rasu shekara shida kenan, bai sake cin abincin da na dafa ba.” Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ni ma ban ga fuskar sake tambaya ba.

24/ Ɗayar har yanzu ina nemanta, sunan babanta ya ɓace min. Gobe in sha Allahu zan je gida in gaya wa Mama, don ita ma a lokacin har addu'a ta yi min wai na taimaka an tsaftace makaranta. Nan zan tsaya.