Bangon Silimar Kawu

Sau da yawa ana tambayata inda na koyi yanke labari daidai wurin da zai sa mutum ya koma kasuwa neman littafi na biyu. To ni dai ba a aji na koya ba, a gidan silimar kawuna ne, a ɗan garinmu da ke jihar Kano, inda na yi aiki daga 1994 har aka rufe shi.

Kada ku ɗauka irin Plaza ko Marhaba ta birni ce. Fili ne kawai da katanga, babu rufi, da bango guda da ake shafa wa farar ƙasa duk bayan damina. Benci a gaba, kujerun ƙarfe a baya na masu ɗan hali. Sai an idar da Isha'i ake tayar da janareto, in hadari ya haɗo kuwa kowa ya san inda dare ya yi masa. Kawu ke riƙe da tikiti, babban ɗansa ke haskawa, ni kuma da rana in zaga kasuwa da tasha da allon fasta a ka, da dare in tsaya ƙofa.

Injinmu ɗaya ne. Fim ɗin Indiya kuwa ya kan ci awa uku, a cikin gwangwanaye yake zuwa daga Kano, naɗi-naɗi, duk ya sha hannu. In naɗi ya ƙare dole a tsaya a ɗora wani. Nan fa fili zai kaure da ihu da fito. A wannan ɗan tsakanin na fara lura da wani abu: in an tsaya ana cikin waƙa, mutane sai su watse wajen mai shayi da mai tsire, amma in an tsaya Gabbar ya ɗaga takobi a Sholay, wallahi ko mai jin fitsari ba ya motsawa. Ba wanda ke jin yaren, amma kowa ya san Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Sana'ar ba ta da farin jini. Ana cewa matattarar 'yan iska ce, har akwai gidan da aka hana yayanmu aure saboda ita. Macen kirki ba ta shiga, don haka Gwaggo, wadda da kuɗin tikitin nan ake cefanen gidanta, ba ta taɓa leƙa wurin ba. Da safe sai ta ce, “Zo nan ɗan nan, me aka yi jiya?” In zauna bakin murhu, matan maƙwabta su kewaye ni, in yi ta zuba. In na kai inda ya yi daɗi sai in ce Kawu na kira. Ƙosai na ci da wannan dabara ba adadi.

Mutane kan ce Shari'a ce ta kashe silima, don a ƙarshen 2000 an dakatar da harkar fim a Kano, a 2001 aka kafa hukumar tace finafinai. Ni a ganina bidiyo ya riga ya gama da mu. Tun da aka fara Turmin Danya a 1990 kaset ke shiga gida-gida, lokacin da Sangaya ya fito kuwa benci uku ma da ƙyar muke cikawa. Kawu ya sa kwado, daga baya wani ɗan kasuwa ya mai da wurin ma'ajiyar hatsi.

Sai bayan rasuwar Kawu na saya wa Gwaggo bidiyo, na sa mata Sholay. Ta kalla shiru har ƙarshe, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta dube ni ta ce, “Wannan ce Basantin? Ai ta bakin murhu ta fi ta kyau.”