Faranti 64 Da Bashin Da Wani Malami Yake Bi Na

Duk wanda ya taɓa aikin jarida ya san akwai kuskuren da akan manta kafin tawada ta bushe, akwai kuma wanda yakan bi mutum shekara da shekaru. Nawa ya faru ne cikin watan Yuli na 2018, sa'ad da nake sabon hannu a ɗakin labarai, ina taƙama da difiloma. Daren da za a rufe shafi aka miƙo mini wani gajeren labari da Turanci daga Afirka ta Kudu, aka ce in juya shi da Hausa don a cike ɗan gurbin da ya rage. Labarin ya ce Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, David Mabuza, ya buɗe wani wuri mai suna MeerKAT, mai faranti 64. Na ga kalmar rediyo, na ga hoton faranti, ban yi wata-wata ba sai na rubuta cewa an buɗe wani ƙasaitaccen gidan rediyo da zai riƙa aika saƙo zuwa ga taurari. Haka kuwa aka buga.

Bayan mako biyu sai ga wasiƙa, rubutun hannu a takardar littafin makaranta, daga wani malamin kimiyya na sakandare. Bai zage ni ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Cewa ya yi ya karanta wa ɗalibansa labarin a aji, sa'an nan ya ɓata rabin darasi yana warware abin da na ƙulla, domin wurin nan ba ya aika kome, saurare kaɗai yake yi. Edita ya karanta ya turo mini takardar, ya ce, "To Malam, ka ji. Ka mai da kunne baki." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wuri in gyara." Ya ce wurin gyara layi uku ne. Layi uku ba su biya bashin ba.

Mai karatu, bari in fara daga inda ya kamata in fara a daren nan. Taurari ba haske kaɗai suke fitarwa ba, har da irin igiyar da akwatin rediyo yake kamawa. Wanda ya fara gano haka ba taurari yake nema ba. Sunansa Karl Jansky, injiniya ne a kamfanin Bell na Amurka, an sa shi ya binciko abin da yake ɓata maganar waya mai tsallaka teku. A 1932 ya ware ƙarar tsawa ta kusa da ta nesa, sai ya rage wani shuu mara yankewa, wanda yakan yi ƙarfi sau ɗaya cikin kowace awa 23 da minti 56. Wannan kuwa lokacin kewayowar taurari ne, ba na rana ba. Ashe daga tsakiyar gungun taurarin da ranarmu take ciki yake zuwa, watau farar hanyar nan da akan gani ta ratsa sama a daren da babu wata. Da na karanta wannan sai na tuna Baba yana murɗa gajeren zango bayan sallar isha, yana tsaki saboda shuu ya hana shi jin labaran duniya. Yawancinsa dai tsawa ce da injuna, amma ban ƙara raina shuu ba.

To don me faranti har 64, ba ɗaya babba ba? Nan ne na fi daɗewa kafin in gane. Igiyar rediyo ta fi ta haske tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka sai faranti ya yi faɗi ainun kafin ya bambanta abu biyu da suke kusa da juna a sama. Ƙarfe kuwa yana da iyaka. Mafi girman farantin da ake iya juyawa bai wuce mita 100 da ɗoriya ba. In aka zarce haka nauyinsa ne zai lanƙwasa shi. Sai wani Baturen Ingila, Martin Ryle na Jami'ar Kambirij, ya fito da dabara: a jera ƙanana nesa da juna, duka su fuskanci wuri guda. A ɗauka an zaunar da mutane a unguwanni dabam-dabam, kowa da agogo, aka buga tambari a fada. Kowa zai ji, amma wani zai riga wani da ɗan ƙiris, kuma daga wannan ƙiris ɗin mai lissafi zai faɗa maka daidai inda tambarin yake. Haka faranti suke yi. Kowanne yana tura abin da ya ji ta wayar gilashi, agogo mai tsananin daidaito yana riƙe da lokaci, kwamfuta tana gwama na kowane biyu, juyawar duniya kuma tana cike giɓin da ke tsakani. A MeerKAT faɗin kowane faranti mita 13.5 ne, amma da yake na can gefe suna da tazarar kilomita 8, kaifin ganinsu ya yi daidai da na faranti guda mai wannan faɗi. Amurkawa sun riga su: tun 1980 suka buɗe nasu a Jihar New Mexico, faranti 27 a kan layin dogo.

Hoton da aka nuna ran buɗewa, wanda na sa a jarida ba tare da na san ko mene ne ba, na tsakiyar gungun nan ne da Jansky ya jiyo. Ƙura ta rufe wurin, ido ba ya gani ko da wane irin tabarau, amma igiyar rediyo tana ratsa ƙurar. Kimanin shekara 25,000 ta yi a hanya, tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa.

Amma fa saƙon da ya yi irin wannan tafiya a galabaice yake isowa, wayar hannu guda a kusa ta isa ta danne shi. Dalili ke nan da aka kai faranti cikin Karoo, wani busasshen fili na masu kiwon tumaki, kimanin kilomita 90 daga garin Carnarvon, kuma a 2007 gwamnati ta kafa dokar tsare shirun yankin. Shiru kuwa ba kyauta aka same shi ba. An sayi gonaki fiye da hekta 100,000, tumaki suka tashi, an taƙaita waya a kewaye. Mai gona dai ya karɓi kuɗinsa. Ni leburan da ke yi masa kiwo nake tunani, wanda bai sayar da kome ba amma ya rasa wurin aiki. Na yarda aikin ya cancanta, an kuma ba yaran yankin tallafin karatu da horon sana'a. Sai dai duk ɗan jaridar da ya ba da labarin faranti ya tsallake makiyayin, rabin labari ya bayar.

Abin da ya fi ba ni kunya a ƙarshe na same shi. Ina ta ɗaukar ilmin nan na wasu ne can, ashe akwai ɗan Nijeriya a cikin tarihinsa. Samuel Okoye, wanda ya yi karatu a Ibadan kafin ya tafi Kambirij, shi da malaminsa Antony Hewish suka ba da rahoto a 1964 cewa akwai wani ɗan ƙaramin abu mai ƙarfin rediyo a cikin ɓurɓushin tauraron da ya fashe, wanda masanan ƙasar Sin suka rubuta ganinsa a 1054. Sai a 1968 aka tabbatar gawar tauraron ce, tana juyi sau 30 a daƙiƙa. Hewish da Ryle suka raba lambar Nobel a 1974. Okoye ya dawo ya koyar a Nsukka, ya rasu a 2009. Na yi makaranta tun daga firamare har difiloma ban taɓa jin sunansa a aji ba, ni da na haddace sunayen 'yan ƙwallon ƙasashe goma.

A 2012 aka raba babban shirin duniya mai suna SKA tsakanin Afirka ta Kudu da Ostireliya, aka fara gini a Disamba 2022, da niyyar faranti 197 a Karoo har da 64 ɗin nan. Ƙasashen Afirka takwas aka sa abokan tafiya: Botswana, Gana, Kenya, Madagaska, Morishas, Mozambik, Namibiya da Zambiya. Na duba sau biyu, babu mu. Gana ma ba sabon abu ta gina ba; tsohon farantin sadarwa mai mita 32 da ke Kuntunse, kusa da Ankara, ta gyara ta buɗe a 2017. Mu ma mun kafa irin waɗannan faranti na sadarwa a shekarun baya, kuma ina ganin ya dace 'yan majalisarmu su tambayi halin da suke ciki.

Wasiƙar malamin tana nan cikin aljihun teburina. A ƙasanta ya yi wata tambaya da ban amsa ba: me za mu kira wannan na'ura da Hausa? Abokan aiki sukan rubuta "na'urar hangen nesa ta rediyo", ni kuwa hange ba ya shigar mini, tun da abin ba ido ba ne. Na gwada "kunnen sama", edita ya ce ya yi kama da sunan magani. Malam, ba ka sa cikakken adireshi ba. In wannan ya iso gare ka, a gafarce ni, a kuma tambayar mini ɗaliban bana sunan da suka zaɓa.