Tsarabar Daura: Tsakuwar Hanyar Kusugu

Makon jiya ba ku ji ni ba, don na yi 'yar tafiya zuwa Daura gaida wata goggona. Ga shi na dawo da tsaraba. Tsarabar kuwa ba goro ba ce, ba turare ba, tsakuwa ce. Kada ku yi dariya tukuna, ku bari ku ji.

Mun tashi daga Katsina da hantsi, ni da 'yar ƙanwata, wadda ke aji biyu na sakandare. Tafiyar wajen kilomita 80 ce, ta Mashi da Shargalle. An gama girbi, gonaki sun yi fayau, sai gawo da kuka. Yawancin ƙasar jigawa ce, amma jefi-jefi sai mu wuce wani fili da babu ko ciyawa, sai tsakuwa shimfiɗe, wani wuri kuma dutse ya leƙo daga ƙarƙashin ƙasa.

Kashegari muka tafi ganin rijiyar Kusugu. Tana nan cikin gari, ba nisa da fadar Sarki, an gina mata ɗaki an rufe ta. Labarinta kun san shi. An ce wani maciji mai suna Sarki ya hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a. Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba, ya tafi da dare ya sare kan macijin, Sarauniya Daurama ta aure shi. Mai tsaron rijiyar ya zura guga ya ba mu muka sha. Mutanen garin sun ce ba su taɓa jin ta ƙafe ba.

Da muka fito sai yarinyar nan ta ce, “Inna, kowa labarin macijin yake yi. To, ruwan fa? Daga ina yake zuwa?” Ba ta rufe baki ba sai ta tsaya tana ɗingishi, tsakuwa ta shiga takalminta. Na ce mata, “Kada ki yar. Amsar tambayarki ce kika taka.”

Bari in fara daga dutsen niƙa, tun da kowace mace ta san shi. Da yawa daga cikin duwatsun niƙanmu an sassaƙo su ne daga wani dutse mai tauri da masana ke kira giranit. In kin wanke shi kin duba a rana, za ki ga ƙwayoyi iri uku a manne. Akwai mai kama da fasasshiyar kwalba, ita ce ƙanƙara. Akwai mai fari-fari ko ja-ja. Akwai kuma baƙa mai ƙyalli kamar kwalli. Rana ta gasa dutse, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsaguwarsa, yau da gobe sai ya fara marmashewa. Mai ja-jan nan in ta daɗe tana shan ruwa sai ta ruɓe ta zama yumɓu. Amma ƙanƙara ba ta ruɓewa da wuri, sai dai ta farfashe. Manyanta su ne tsakuwa, ƙananan kuwa rairayi.

Irin dutsen nan yana kwance ƙarƙashin yawancin ƙasar Katsina. Wadda ta taɓa bin hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram ta gan shi a fili, curi-curi kamar giwaye, har cikin unguwar Birni. Amma wadda ke son ganin ƙasar tsakuwa ta ainihi, sai ta ƙara gaba zuwa Azbin, ƙasar Agadas, inda ayarin gishirin Bilma ke fitowa. Na taɓa zuwa can biki, abin da na gani kuwa bai fita raina ba.

A can duwatsu ne manya, na Bagazam ma tsororuwarsu ta kai mita 2,022. Ruwan sama kaɗan ne. Abin da Agadas ke samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, alhali Daura takan sami wajen 600. Amma ran da aka yi shi, sai ya gangaro daga kan dutse gaba ɗaya, ya biyo kwari da ƙarfi, yana ɗauke da duwatsu da tsakuwa da yashi. A watan Satumba na 2009 irin wannan ruwa ya biyo kwarin Telwa ya shiga garin Agadas, ya rushe gidaje masu yawa.

To, da zarar ruwan ya fito daga bakin kwari ya sami fili, sai ƙarfinsa ya mutu, ya bazu, ya zubar da kayansa. Kun san yadda ake shiƙa: tsaba takan zuba kusa da ƙafa, ƙaiƙayi ya tafi nesa. Haka ruwa yake yi. Manyan duwatsu a bakin kwari, tsakuwa a tsakiya, rairayi da laka can ƙarshe. Shekara da shekaru ana haka, sai wurin ya zama wani tudu mai gangare, shimfiɗe kamar mafici. Sa'an nan iska ta zo ta yi nata bakacen, ta kwashe ƙura, ta bar tsakuwa zalla a sama.

Ƙasar da ke kan irin wannan tudu tana da hali huɗu. Na fari, gautsi gare ta. In kin jiƙa ta kin dunƙula, da kin buɗe hannu sai ta watse, don ba ta da yumɓun da zai riƙe ta. Na biyu, ruwa ba ya zama a cikinta, yana wucewa kamar a rariya. Na uku, ba ta da ƙarfi, don ba ganye da ciyawar da za su ruɓe su ciyar da ita, launinta ma fari-fari ne. Na huɗu, shi ne abin mamaki: ruwan da ta ƙi riƙewa a sama ba ɓacewa ya yi ba. Ya nutse ne har ya tarad da dutse, ya kwanta can inda rana ba ta kai gare shi. Don haka a Timiya da Tabelot, a tsakiyar hamada, Azbinawa ke haƙa rijiya a gefen kwari su noma albasa da tafarnuwa, da lemo da rumman da dabino.

Daura ba hamada ba ce, ƙasarta kuma ta fi ta Azbin rairayi da albarka. Amma dokar ɗaya ce. Ruwan rijiya ruwan damina ne da ya bi ta cikin rairayi da tsakuwa ya taru a ƙasa. Na ce wa yarinyar nan, “Kin ga, tsakuwar da kike jin haushi, 'yan'uwanta ne ke ba ruwa hanya ya gangara.”

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Da muka koma gida na tarad da Goggo tana faɗa da bayan ɗakinta. Ta ce, “'Yar nan, shekara uku ina shuka kuɓewa a nan, ina ɗura mata ruwa safe da yamma, ba ta taɓa yi mini miyar kwana ɗaya ba.” Na tona da hannu, sai tsakuwa. Na ce, “Goggo, ai rariya kike ba ruwa.”

Maganin wannan manoman Illela ta ƙasar Tawa sun riƙe shi sosai bayan farin 1984, suna kiransa tassa. A haƙa rami da rani, faɗinsa kamar na ƙaramar ƙwarya, zurfinsa rabin kamu. A tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa. A zuba takin awaki ko na kaji wanda ya ruɓe, cikin tafi biyu. In an shuka, a rufe gindin da kara ko ɓawon gyaɗa. Ruwa kuwa kaɗan-kaɗan, da yamma. Zogale da yakuwa da kuɓewa duk suna yi a haka.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi. A wani gida kusa da na Goggo, yara uku sun sha fama da gudawa da daminar bana, ƙaramin ma da ƙyar ya tashi. Da na shiga yi musu sannu sai na ga salgarsu ba ta fi taku goma daga rijiyarsu ba, ƙasar kuwa irin ta bayan ɗakin Goggo ce. 'Yan'uwa, hanyar da ruwan sama ke bi ya kai rijiya, ita ƙazanta ke bi. Yumɓu da rairayi mai laushi sukan tace ruwa, amma tsakuwa sakinsa take yi da sauri. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, wato kamar taku arba'in, salgar kuma ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. In filin gida bai kai ba, to, a tafasa ruwan sha, tun ba na yara ba.

Na san haƙa rami aikin maza ne. Amma wa ke ɗiban ruwan? Wa ke kwana zaune in yaro ba lafiya? In kin ga maigida ya kira masu haƙa, ki yi masa magana cikin ladabi tun ba a sa diga ba. Ku kuma 'yan makaranta, ku ɗebo ƙasar gidanku ku zuba a kwalba, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye ta kwana. Tsakuwa za ta kwanta a ƙasa, rairayi a kanta, laka a sama. Wanda ya fi kauri shi ne halin ƙasarku. Ku nuna wa iyayenku mata.

Bayajida ya kashe macijin da ido ke gani. Wanda ido ba ya gani kuwa, mu aka bar wa. Tsakuwar nan tana nan yarinyar ta ajiye ta cikin gwangwanin alƙalumanta. Goggo kuma ta haƙa ramuka shida, ta ce in kuɓewar ta yi za ta aiko mini da busasshiya. In ta iso zan gaya muku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.