Jirginmu Na Gwangwani Mai Zuwa Kano

Duk wanda aka haifa a Zangon Agege, dogo ne farkon abin da ya sani bayan ƙofar gidansu. Shi ya raba garin biyu, a kansa ake baza kasuwa, kuma da kukan jirgi tsofaffi suke gane lokaci. Dogon ne ma ya kawo kakanninmu. A cikin shekarar 1901 hanyar jirgin ƙasa da aka faro daga Ikko ta kai Badun, a 1911 kuwa jirgi ya shiga Kano, daga baya aka haɗe hanyoyin biyu, tafiyar mil 700, watau kilomita 1,126. Manoman Agege da kewaye, irin su J. K. Coker na Ifako, sun dasa koko da goro, sai fatakenmu suka ga babu dalilin shan wuyar tafiya Gwanja tun da ga goro a bakin tasha. Suka sauka, suka kafa zango, suka yi aure, suka haifi iyayenmu.

To, yaron da ya tashi a irin wannan wuri, da me zai yi wasa in ba jirgi ba?

A Turai akwai kantuna musamman waɗanda ba a sayar da kome a cikinsu sai ƙananan jiragen ƙasa na wasa, da dogonsu, da tashoshinsu, har da 'yan mutanen da ake jerawa a bakin tasha. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus tun 1891 ya fito da jirage masu ƙayyadadden faɗin dogo, Frank Hornby na Libaful a Ingila kuwa ya soma ƙera nasa masu wani a 1920. Har gobe akwai dattawa masu furfura a can da ke tara su, wani ma ya ware ɗaki guda don su. Mu ba mu taɓa ganin irin wannan kanti ba. Abin da ya fi kusa da shi labari ne da kawuna yakan ba mu na kantin Kingsway da ke cikin Ikko. Ya ce lokacin Kirsimeti akan shirya jirgin wasa a bayan gilashi yana ta zagaye, 'ya'yan Turawa da na manyan ma'aikata a saya musu, su kuwa 'yan aiken fatake su tsaya daga waje suna kallo har mai gadi ya kore su. Kafin mu yi wayo kantin ya riga ya rufe.

Namu kantin yana kasuwar 'yan gwanjo ta Katangowa, wajen Abule Egba. Can cikin lungu, bayan masu takalma, akwai wani dattijo mai shimfiɗa buhu a ƙasa ya zube kayan wasan da suka zo daga Turai cikin dila tare da tsofaffin tufafi. 'Yar tsana babu hannu, mota babu ƙafa, jefi-jefi kuma sai ka tsinci tarago ɗaya, ko guntun dogo, ko kan jirgi da wayarsa ta tsinke. Ban taɓa ganin jirgi cikakke a buhun nan ba. Mu kan haɗa kuɗin tara na kwanaki mu tafi a ƙafa ranar Alhamis da babu makarantar allo da yamma, mu durƙusa muna tone-tone. In mun daɗe ba mu sayi kome ba sai ya ce, "Yara, ku tashi haka nan, kun tare mini ciniki." Mu ce, "Baba, ka yi haƙuri, kai muke nema," watau kan jirgi. Sai ya yi dariya ya bar mu.

A gun dattijon nan muka fara sanin cewa jirgi da dogo ba kowane lokaci suke jituwa ba. Ka sayi tarago yau, mako mai zuwa ka sami guntun dogo, ka zo gida da murna ka ɗora, sai ka ga ƙafafun sun faɗa tsakiya ko kuwa sun yi waje. Ashe masu ƙera su suna da ma'auni iri-iri: akwai mai faɗin milimita 32, akwai mai 16 da rabi, akwai ɗan mitsitsi mai 9. Mu dai abin da muka sani shi ne kayan gwanjo ba sa haɗuwa, don haka taragon Turai ya zama abin ajiya da tinƙaho. Akan naɗe shi cikin tsumma a ɓoye a ƙarƙashin katifa, a fito da shi don a nuna wa baƙo. Jirgin da ke aiki kuwa da hannunmu muka ƙera shi.

Gwangwanin kifi shi ne tarago, don dogo ne kuma shafaffe, kamar an yi shi domin haka. Kan jirgi kuma gwangwanin madara ne a kwantar bisa guntun katako. Ƙafafu daga tsohon silifa ake yanko su, a ɗora murfin kwalba a zana da ƙusa don su fito daidai, sa'an nan a huda da tsinken keke da aka ɗora a wuta. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago waya ce, kuma ita ce ma'aunin gwaninta, gama in ta yi tsauri jirgi ba zai sha kwana ba, in ta yi sako-sako kuwa sai ka waiwaya ka ga rabin jirginka ya tsaya a baya. Langalangar da ake ɗaure dila da ita muke miƙarwa mu yi dogo a inda ƙasa ta yi tauri, sauran hanya a zana da tsinke. Yaran da aka kawo daga arewa sun zo da fasahar motar kara, amma a Agege kara ba ya samuwa, sai suka koma gwangwani, kuma sau da yawa su suka fi mu iya rufin tarago. Akwai wani yayanmu, ɗan maƙwabta, wanda yakan cusa tsumma mai ɗan baƙin mai a gwangwanin madarar ya kunna don jirginsa ya yi hayaƙi. Ya sha bulala a kan haka, bai kuwa daina ba. Abin mamaki shi ne ba mu taɓa ganin jirgi mai kwal yana tafiya ba, a zamaninmu duk masu gas ne, amma tsofaffi sun ce jirgi da hayaƙi aka san shi, mu kuma muka yarda.

Muhimmin abu cikin wasan shi ne inda jirgin ya nufa. Kowane jirgi da muka ƙera Kano za shi. Ba a taɓa yin gardama a kan wannan ba, ko da mai jirgin ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maraɗi. Daga bakin masallaci zuwa ƙarshen layi muke zana tashoshi a ƙasa, kowace a sa mata dutse: Iddo, Agege, Abekuta, Badun, Oshogbo, Offa, Ilori, Jebba, Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano. Kwatar da ta ratsa layinmu ita ce Kwara, katakon da muka gitta a kanta shi ne gadar Jebba. Mukan loda ɓawon goro da ganyen huhu a taragai zuwa arewa, a dawo da tsakuwa, su ne shanu.

Tsofaffin fataken goro da ke zaune a kan benci bayan la'asar su ne masu duba mu. In yaro ya sa Minna kafin Zungeru sai ka ji an ce, "Kai, ɗan nan, ka ɓatar da fasinja. Koma baya." Daga nan sai labari ya ɓarke tsakaninsu: yadda iyayensu suka ce kafin a gama gadar Jebba a jirgin ruwa ake haye da taragai, yadda ake yayyafa wa huhun goro ruwa a hanya kada ya bushe, da tashar da ake samun abinci mai kyau da wadda ake riƙe aljihu. Mu muna jan zare, muna saurare. Yawancinmu a lokacin ba mu taɓa wuce Ota ba. Arewa a gunmu wuri ne da ake cewa "gida", inda ake kai gawar wani, ake kawo amaryar wani. Jerin duwatsun nan shi ne ya fara mayar mana da ita ƙasa mai hanya, mai farko da ƙarshe.

Wannan kuwa duk a wajejen 1998 zuwa 2002 ne, lokacin da ainihin jirgin Kano ya zama sai an yi sa'a. Hukumar reluwe, wadda aka kafa a 1955, ta riga ta durƙushe, goro da shanu sun koma tirela. Abin da muke gani kullum shi ne jirgin ma'aikata mai zuwa Iddo da safe ya komo da yamma, mutane a kan rufinsa da bakin ƙofofinsa, mata masu tumatir su janye tirensu daga kan dogo in ya yi kuka, ya wuce su mayar. Sai a watan Disamba na 2012 aka sake buɗe zirga-zirgar Ikko zuwa Kano bayan gyara, tafiyar da takan ci awa 30 ko fiye. A ganina tsofaffin nan sun san hanyarsu tana mutuwa, shi ya sa ba su yarda mu yi kuskuren tasha ko ɗaya ba.

Yau Agege ta sami jirage irin waɗanda ko a mafarki ba mu ƙera ba. A watan Yuni na 2021 aka buɗe sabon dogo na Ikko zuwa Badun, kilomita 157, da babbar tasha a Agege mai sunan Babatunde Fashola. A ƙarshen Fabrairu na 2024 kuma aka ƙaddamar da jirgin cikin gari mai tashi daga Agbado zuwa Oyingbo, shi ma yana tsayawa a Agege. Babu mai hankalin da zai yi kewar hawan rufin tarago. Amma ga tsohuwar matsalarmu ta Katangowa ta komo da girmanta: tsohon dogon da Turawa suka shimfiɗa faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Sabon da aka buɗe a 2021 ya tsaya a Moniya ta Badun, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 yana can shi kaɗai, tsakaninsu kuwa da sauran aiki mai yawa.

Yaran layinmu na yanzu suna da jirginsu na roba ɗan Sin, mai batir da fitila, wanda ake saya a kwali da dogonsa a haɗe kamar zobe. Yana da kyau, ba ya yanka yatsa, sai dai zagaye kawai yake yi, babu wurin sa dutsen Jebba. Na tambayi 'ya'yan yayata hanyar Kano, suka jero mini Badun, Akure, Okene, Lokoja, Abuja, Kaduna, watau hanyar doguwar bas ta dare. Zungeru kuwa ba su taɓa jin sunanta ba. Na nemi ko jirgin gwangwani ɗaya ya rage a gidajenmu in nuna musu, aka ce mini 'yan gwangwan sun daɗe da auna su a kilo.