Shekarar da Kowa Ya Ci Jarrabawa

A shekarar 2013 aka tura ni koyar da Fiziks a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo, a wani gari da ke arewa da Kano. Ban daɗe ba na gane cewa magana ɗaya ce a bakin kowa, tun daga ofishin firinsifal har zaurukan iyayen yara: kiredit biyar, har da Ingilishi da Lissafi. Da ita ake shiga jami'a, da ita ake yaba wa shugaban makaranta, da rashinta kuma ake cilla shi ƙauyen da mota ba ta zuwa.

Saboda haka da yaro ya shiga ajin ƙarshe, karatu ya ƙare, sai hadda. A ajiye manhaja, a ɗauko tambayoyin WAEC da NECO na shekarun baya, a yi ta bita. Ana saura wata guda a fara jarrabawa sai a yanka wa kowane ɗalibi abin da zai kawo, wai kuɗin taimako. Ranar jarrabawa kuwa, da idona na gani: an tsayar da yaro a bakin ƙofa yana gadin baƙuwar mota, malami yana zuba amsa a kan allo, wani na tsaye da tsumma a hannu don gogewa, mai sa ido kuma yana ofis ana karrama shi da shinkafa da kaza. Kowa ya san akwai dokar 1999 da ta tanadi tara da ɗauri a kan satar jarrabawa, amma ba wanda ya ɗaga kai.

Da aka zo kan darasina na ce ba zan hau allo ba. Firinsifal ya kira ni ofis. Dattijo ne mai sallah a sahun gaba, ba mugu ba. Ya ce, "Malam, duk makarantun da ke kewaye da mu haka suke yi. In mun ƙi, 'ya'yan talakawa muka cuta. Masu hali za su kwashe nasu su kai inda ake biya a ci." Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, hannuna ba zai iya ba." Bai yi mini faɗa ba. Wani aka samo ya rubuta.

Da sakamakon 2014 ya fito, hukumar WAEC ta sanar cewa a duk Najeriya kashi 31 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi. A makarantarmu kusan kowa ya samu. Aka yi walima, iyaye suka yi ta sa albarka. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne tiyar da aka buga wa gindi: mai awo ya cika ta har da tozo, mai saye ya tafi yana murna, sai an je gida a ga hatsin bai kai ba.

A ƙarshen ajujuwa akwai wani ɗaki da kullum yake a kulle. Tsohon maigadinmu ne ya nemo mini makullin. Muka tarar da akwatunan katako da gara ta cinye, a cikinsu injin huda ƙarfe da zarto da matsi da kayan awon lantarki, wasu ko man da aka shafa musu a masana'anta ba a goge ba. Kayan tsarin 6-3-3-4 ne da aka fara a 1982, wanda aka yi da niyyar yaro ya gama ƙaramar sakandare da sana'a a hannunsa. An kawo injuna, ba a kawo wuta ba, ba a horar da masu koyarwa ba, kuma ba wanda ake tambaya labarin ɗakin in an zo duba makaranta.

Na sanar wa 'yan aji biyar cewa duk Asabar zan buɗe ɗakin, kowa ya zo da mataccen rediyo ko tocila ko fitilar caji daga gida. Ranar farko ɗaki ya cika. Wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" Na ce a'a, kuma ba maki. Asabar ta gaba sai 'yan tsiraru. A cikinsu akwai wata yarinya da mahaifiyarta ke sayar da kayan miya. Makinta a aji tsaka-tsaki ne, don Turanci na ba ta wuya, amma in ta riƙe mita ba ta ajiyewa sai ta gano inda wuta ta tsaya.

Cikin damina sai jami'in asibitin sha-ka-tafi na garin ya aiko. Fitilar solarsu ta mutu, an yi ta jiran mai gyara daga birni bai zo ba, unguwarzoma tana karɓar haihuwa da dare da tocila a baki. Muka tafi da yaran. A hanya wani tsohon ɗalibinmu da ya zo karɓar sakamako ya bi mu, A1 gare shi a Fiziks. Na miƙa masa mita na ce ya auna batir. Ya juya jar waya da baƙa a hannunsa, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, mu ba a taɓa nuna mana ba." Gaskiya ya faɗa. Yaro ne mai kaifin kai, makaranta ce ta ba shi takarda ta hana shi ilimi.

Yarinyar nan ta karɓa. Ta sa aka hau rufi aka auna faifan sola, lafiyarsa ƙalau. Ta auna batir mai bolt 12, ta ga ya yi ƙasa sosai. Ta ce, "Ashe caji ne ba ya isowa." Ta durƙusa tana bin waya da yatsa a jikin bango, har ta kai bayan kabad inda ɓera ya gwigwiye ta. Kawunan batir kuma duk sun yi farin gari. Ta aika aka jiƙo kanwa a ruwan ɗumi ta wanke su, ta kankare, ta haɗa wayar da dalma, ta naɗe. Washegari da magariba fitila ta kama. Unguwarzoma ta riƙe hannunta ta ce, "'Yar nan, Allah Ya yi miki albarka." Ba a rubuta wannan a kowane rahoton makaranta ba, amma daga ranar yaran Asabar suka daina tambayata abin da zai fito a jarrabawa.

A 2017, da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari, ƙasa ta ɗauki surutu. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka yi gwajin. Ni dai ban yi mamaki ba, domin kowannensu da takarda ya sami aiki, na kuma ga yadda ake samun wasu takardun. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jarrabawa ba abar ƙi ba ce, ma'auni ce, kuma dole a yi awo. Amma wanda ya saya wa ɗansa kiredit ya sani cewa wata rana irin wannan ɗan ne zai yi wa matarsa allura, shi zai ja wa gidansa wuta, shi zai koyar da jikokinsa. Iyaye, in yaro ya dawo daga makaranta, kafin ku tambaye shi nawa ya ci, ku ce ya nuna muku abin da ya iya. Malamai 'yan'uwana, ku nemo makullan ɗakunan nan ku buɗe.